Kafin A Ce Mai Abinci Ƙazama Ce, A Kai Mata Ruwa

Yawancinmu da muka tashi a cikin ganuwar Zazzau an yi mana tarbiyya a kan cewa ɗan mutunci ba ya cin abinci a kan hanya. In aka ga magidanci zaune a bencin mai tuwo, to ko matarsa ta yi yaji, ko gidan ba lafiya. Malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum kamala, har a yi wa shaidarsa kallon biyu. Wannan tarbiyya har yau tana bakinmu, amma cikinmu ya daɗe da yin gaba ya bar ta. Mai musu ya tsaya a Kwangila da hantsi, ko a PZ da azahar, ko a bakin babbar ƙofar jami'a a Samaru bayan isha'i, ya ga su wane ne a kan bencinan nan. Direba ne da ɗan dako, ɗalibi da malaminsa, ma'aikacin banki da ɗan sandan da ke gadin bankin. Shi ma Alhajin da ke faɗa a kan zubar da girma yana nan, sai dai shi daga cikin mota yake miƙo hannu a ƙulla masa a leda.

Masu dafa abincin sayarwa, tun daga mai tanda a ƙofar gida har zuwa mai gidan abinci da na'urar sanyaya ɗaki, su ke ciyar da babban kaso na mutanen garin nan kullum. Tunda mun ƙi amsa hakan a fili, babu wanda ya zauna ya tsara musu komai. Hukuma ba ta tunawa da mai abinci sai ranar haraji ko ranar rusau. Mu kuma ba mu tunawa da ita sai cikinmu ya ɓaci, nan take mu yanke hukunci cewa ƙazama ce. Ni a ganina, kafin a laƙaba mata wannan suna, a fara tambayar inda take samun ruwa da nawa take sayensa.

Rabin Zariya saboda baƙi aka gina shi. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, Sabon Gari ya tashi da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, Tudun Wada ta cika da 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Daga baya makarantu suka yi ta zuwa. Kwalejin Barewa ta tare a nan a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964. Ga barikin horar da kuratan soja, ga kwalejin ilimi, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga asibitin koyarwa a Shika da ke tara marasa lafiya da masu jinyarsu daga jihohi da yawa. Duk waɗannan mutane ne da tukunyar gidansu ke nesa da su, kuma ciki ba ya jiran hutun ƙarshen zango. Tsofaffin ɗaliban Samaru suna tuna lokacin da jami'a ke ciyar da ɗalibi sau uku a rana da tikiti. A 1978 ƙarin kwabo hamsin a kan kuɗin abincin yini ne ya tayar da boren ɗalibai na Ali Must Go, wanda aka rasa rayukan ɗalibai a nan Zariya. Cikin shekarun 1980 gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwar. Ɗaliban ba su daina jin yunwa ba. Matan Samaru da Kongo, inda harabobin jami'ar suke, su ne suka ɗauki kayan da gwamnatin tarayya ta sauke, da tukwanensu da itacensu, kuma har gobe a kansu yake.

Ko a cikin birni ma, in za mu gaya wa kanmu gaskiya, sayen dafaffen abinci ba baƙon abu ba ne. Gidaje nawa ne ke hura wuta sau uku a yini? Tuwon dare ne girkin gida, ragowarsa ya zama ɗumame. Koko da ƙosan safe daga maƙwabta ake sayowa, ɗanwake ko dambu ko alalar rana daga gidan wance, fura daga gidan wance. Matan kulle sun daɗe suna juya jarinsu ta wannan hanya, da shi suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ashe ba sayen ne abin kunya ba, a gan ka kana ci ne. Mutumin da ke aika yaro da kwano gidan mai masa kullum da safe, shi ne zai taɓe baki in ya ga wani zaune a gabanta.

Garin kuwa akwai abin ci, masha Allah. Abokan wasanmu Kanawa su yi ta tsokanarmu da fate, ba komai, ai muna ganin yadda suke sharce kwano in sun samu na tsaki da ya ji yakuwa da gyaɗa. Gurasarsu ma ta biyo su nan ta zauna. A Sabon Gari mutum zai ci sakwara da miyar agushi a hannun wadda ta gaji sana'ar daga uwarta, ko amala a shagon Bayarabiyar da za ta amsa maka da Hausar da ta fi taka zaƙi, don a nan aka haife ta. A tashoshi akwai shinkafa da wake da mai da yaji, abincin da ke riƙe ɗan dako daga hantsi zuwa la'asar. Da yamma awara da soyayyen dankali su fito a bakin layuka. Magariba ta yi, masu tsire su kewaye tukuba, masu balangu su buɗe takarda, mai shayi ya jera gwangwanayen madara ya kama soya indomi da ƙwai har tsakar dare, teburinsa ya zama majalisa inda ake jin wa ya rasu, ina ake ɗaukar lebura gobe, wane ɗan siyasa ne ya sauya sheƙa. A 'yan shekarun nan ga shawarma, ga gidajen gilashi masu soyayyiyar shinkafa da kaza, ga matan aure da 'yan mata da ke girki a gida su tallata a WhatsApp da Instagram, ɗan acaɓa ya kai wa mai saye har ofis. Bahaushen da kakansa bai taɓa ganin agushi ba, yau shi ke roƙon a ƙara masa ganda. Ibon Sabon Gari kuma ya san wace mai masa ce ba ta cika yis ba. Babu zauren da ke haɗa Musulmi da Kirista, ɗan birni da baƙo, kullum ba tare da an kira taro ba, irin bencin mai abinci.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, lissafin ya ƙara karkata wajenta. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a tsakiyar waccan shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Mai iyali dole ya dafa a gida ko ta halin ƙaƙa. Amma gwauro, ko ɗalibi, ko wanda ya zo cin rani, in ya ce zai sayi gas ko gawayi, ya sayi mai, ya sayi kayan miya don cikinsa shi kaɗai, sai ya fi wanda ya je wurin mai abinci kashe kuɗi, ga ɓata lokaci. Ita da buhu take saye ko tiya masu yawa, wuta ɗaya ta dafa wa layin mutane. Ribarta ƴar kaɗan ce, ba ta kuma iya ƙara farashi yadda kasuwa ke ƙara mata, don ta san aljihun masu zama a bencinta. Sai dai malmala ta ƙanƙance, yankan nama ya sirance, gyara ta ɓace. Duk da haka ita ce ke cewa, “Ci ka tafi, ɗana, in an turo maka daga gida ka kawo.” Akwai masu digiri da yawa a ƙasar nan, wasu har da manyan kujeru, da littafin bashin wata Mama a Samaru ya raka su zuwa ranar yaye su. A farkon 2023, da takardar kuɗi ta ɓace saboda canjin naira, masu abinci sun ciyar da mutane bashi kafin su koyi karɓar taransfa, yau har mai ƙosai na da lambar asusu manne a jikin bokiti. Gidan gilashi ba ya ba da bashi. In kuɗin ba su shiga ba, tsayawa za ka yi a gaban kanta har su shiga.

Son da nake yi wa masu sana'ar ba zai sa in rufe batun tsafta ba. Ka zagaya bayan rumfar mai shinkafa a tasha wajen ƙarfe biyu na rana. Za ka tarar da yarinya tsugune gaban baho biyu. Na farko ruwan omo ne da ya koma launin ƙasa, ƙwayoyin shinkafa na yawo a sama, manja ya yi masa zobe a gefe. Na biyu na ɗauraya ne, shi ma tun safe bai ga canji ba. Faranti ya fito daga hannun wani, a tsoma a na farko, a shafa masa soso, a tsoma a na biyu, a yarfe, ya koma gaba a zuba wa mai bi. Cokula kuwa a cikin wani bokiti suke wuni. Gefe guda ga jarkokin da ɗan ga-ruwa ya sauke da safe, rabinsu sun riga sun ƙare a girki. In ka ce, “Hajiya, a canza ruwan nan mana,” za ta dube ka ta ce, “Malam, ka san nawa jarka yau?”

Tambayar tata tana kan hanya. Kowace jarka daga cikin ribarta take fita, kuma matar nan in ka je gidanta za ka tarar da tukwanenta suna ƙyalli. Matsalar ruwan Zariya ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. An ba da kwangilar babban aikin ruwa tun zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka ƙaddamar da sabuwar matata a 2017, an kuma shimfiɗa bututu a unguwanni da dama, amma kurar ɗan ga-ruwa ba ta yi ritaya ba. Wurin da ake dafa wa ɗaruruwan mutane abinci kullum, babu famfo, babu magudanar da za a zubar da ruwan wanke-wanke, babu makewayi a kusa. Sannan a zo a tsaya a kanta ana toshe hanci.

Abin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, ya kashe kimanin 137,000. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ce ta kama su a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a arewa. Kwalara da taifot hanyarsu ɗaya ce: bayan gida ya samu shiga ruwa ko ya maƙale a hannu, daga nan sai baki. Wuta kuwa tana kashe ƙwayoyinsu. Shi ya sa nake ganin mun ɗora tsoronmu a inda bai dace ba.

Dubi mai masa da asuba. Tanda na kan wuta, ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta kamfato ƙullu da ludayi ta zuba, gefen ya fara ja ta sa cokali ta juya, ta kwashe ta jefa a kwanonka tana tururi har hannu ba ya iya ɗauka. Tsakanin wuta da bakinka babu minti biyu. Ƙosai haka, awara haka, tsiren da aka zaro daga tukuba yanzu haka. Da wuya a samu abincin sayarwa da ya fi waɗannan aminci, ko da a bakin kwata ake yin su. Haɗarin yana wurin abin da ba ya komawa wuta. Zoɓo da kunun aya da aka haɗa da ruwan da ba a san asalinsa ba, aka ɗura a gorunan da yara suka tsinto. Ƙanƙarar da aka jefa a ciki. Yankakken kabeji da albasa da suka wuni a buɗe ƙuda na sauka yana tashi. Latas ɗin da aka yi wa ban-ruwa a fadamar da kwatocin gari ke malala, aka yanka ba a wanke da kyau ba. Shinkafar da aka dafa da safe ta zauna ɗumi-ɗumi a kula har dare. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye, sai dai in zafinsa ya haura digiri 60 ko yana cikin firji.

To waɗannan na biyun, su ne fa suka cika gidajen gilashi. Haɗin kabeji da bama da aka yi tun hantsi, shinkafa a manyan tire ƙarƙashin ƙwan lantarki, kaji a firiza a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, ga dizal ya yi tsadar da ba kowa ke barin janareta ya kwana a kunne ba. Na taɓa zama a irin wannan wuri, mai kujeru masu laushi da talabijin a bango, aka kawo mini miyar da hanci kaɗai ya isa ya gaya maka ta kwana, an dai tafasa ta an ƙara mata magi. Da na yi magana yaron ya ce, “Yallaɓai, yau aka yi ta,” ya kuma miƙo takardar kuɗi cikakkiya. Mai tuwon tasha ba ta isa ta yi haka ba, don tukunyarta a gaban kowa take, kuma in ta yi wa direbobi sau ɗaya, kafin gobe labari ya gama tashar. Kicin ɗin gidan gilashi kuwa a bayan ƙofa yake, an rubuta ba a shiga. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai waɗanda in ka leƙa kicin ɗinsu sai ka ji kunyar na gidanka. Amma tayil da fanka ba shaidar tsafta ba ne. Mu ne muka mai da su shaida, har muna biyan kuɗi mai yawa a kansu.

Akwai abu ɗaya da gidajen nan suka kawo wanda dole a yaba musu: mace ta samu wurin zama. Abin mamaki ne a ce mata ke dafa kusan duk abincin bakin titi, in ka cire nama da shayi, amma mace ba ta isa ta zauna a bencin ta ci ba sai an bi ta da ido. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta fito tun safe, sai dai a ƙulla mata ta nemi lungu. A gidan abinci na zamani kuwa tana iya zama da ƙawarta ko da 'ya'yanta, miji ya fito da iyalinsa ranar sallah, ga wurin wanke hannu, ga makewayi. Masu ganin duk macen da ta shiga irin wurin ta lalace su sake tunani. Sai dai kuɗin wurin ya fi ƙarfin mafi yawan matan da suka fi bukatarsa.

Wa ke da alhakin duk wannan? Kundin tsarin mulki na 1999 bai ɓoye ba. A jadawali na huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, an ambaci kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren da ake sayar wa jama'a abinci, haka ma mayanka, kasuwanni, tashoshin mota da makewayin jama'a. Ke nan a garin nan aikin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ne, da Giwa ta ɓangaren Shika. A da uzurin shi ne kuɗinsu na maƙalewa a jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ko hukuncin ya gama kankama ko da saura, lokaci ya yi da za mu riƙa tambayar ciyamomi da kansiloli abin da ke cikin jadawalin nan, ba rabon shinkafar azumi kaɗai ba.

Dattawa suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda in aka ce ga shi nan tafe, mata ke rugawa su leƙa randa su share tsakar gida. Yakan shiga gida ya duba ruwan sha, ya duba masai, ya je mahauta ya ga naman da za a fitar, wanda bai yi ba a binne shi. An ji tsoronsa, wani lokaci ma yakan wuce gona da iri, amma an san akwai mai dubawa. Magadansa har yau suna nan a sassan lafiya, makarantun koyon aikin tsafta na yaye su duk shekara, sai dai mai cin abinci a tasha zai shekara bai ga ɗayansu ya buɗe tukunya ba. Mun kuma ga abin da sa ido ke yi in an yi shi da gaske. Lokacin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a ƙarƙashin Dora Akunyili ta sa gidajen burodi a gaba a kan sinadarin bromate, masu burodi sun shiga taitayinsu.

Abin da hukumomi suka fi iyawa shi ne kora. A Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Sabon Gari, gwamnatin jiha ta hana bara da talla a kan tituna. Dalilin tsaro ne, kuma a lokacin kowa a firgice yake. Daga baya aikin sabunta birane ya zo da faɗaɗa tituna da rushe rumfuna. Titunan sun yi kyau, babu musu. Amma mai abincin da aka tasa ba ta koma gida ta zauna ba, don masu cin abincinta ba su bar wurin ba. Ta ɗan matsa ne ta koma bayan layi, kusa da kwata, inda ba ta da rumfa, ba ta kuma da niyyar kafa wata tunda ba ta san ranar da za a sake tasa ta ba. Mai jiran kora ba ya zuba siminti, ba ya sayen tankin ruwa. Kora ba ta rage yawan masu sayar da abinci, tsaftar abin da suke sayarwa kawai take ragewa.

Gyaran ba ya bukatar taron bita a otal. Wuraren da masu abinci ke taruwa sanannu ne: tashoshi, bakin kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da Ɗanmagaji, ƙofofin makarantu, ƙofofin asibitoci. A kowanne a ware fili, a daɓe shi da siminti, a ja magudana, a kafa famfo ko a haƙa burtsatse mai sola da tanki, a yi makewayi da wurin wanke hannu. A yi wa masu sana'ar rajista da kuɗi kaɗan, a ba su takardar da ke cewa nan wurinsu ne na shekara kaza. Kuɗin gyaran famfo su da kansu za su tara, matan da ke zuba adashi kullum ba za su gaza wannan ba. Bayan an yi haka sai duba-gari ya zo da littafinsa, a lokacin yana da bakin magana. Ya duba ta bakin titi, ya kuma tura ƙofar kicin ɗin gidan gilashi ya buɗe firiza, da mudu ɗaya zai auna su.

Na san abin da za a ce, wai an ƙara wa matan masu karɓar na goro ne kawai. Tsoron yana da tushe. Maganinsa shi ne kada sakamakon dubawa ya zama sirri tsakanin jami'i da mai rumfa: a manna shi a bango inda mai saye zai gani, da kwanan wata da sunan wanda ya duba. A kuma bi ta hannun shugabancin da ake da shi. Mahauta suna da Sarkin Fawa, kowace tasha tana da uwar masu abinci da ake jin maganarta, unguwanni suna da masu unguwa. Ga jami'a a hannunmu da sassan lafiyar al'umma da nazarin ƙwayoyin cuta da likitancin dabbobi. Ɗalibanta sun daɗe suna ɗibar zoɓo da kunu da tsire a Samaru suna kaiwa ɗakin gwaji don rubuta kundin kammala karatu. Sakamakon yana can a kan kantar littattafai yana shan ƙura, ita kuwa mai zoɓon da aka ɗiba a wurinta ba wanda ya dawo ya ce mata, “Inna, ruwan nan ki riƙa tafasa shi, gorunan nan kuma ki daina karɓa.”

Akwai laifukan da ba ruwansu da rashin famfo. Man suya da ake juyawa har ya koma baƙi ƙirin. Tuwo da miya da koko masu zafi da ake zubawa a farar leda. Tsire a tsohuwar jarida ko takardar siminti. A nan mu masu saye ma da hannunmu a ciki, don muna son araha muna son cika, kuma ɗaukar kwano daga gida ya zama ƙauyanci a wurinmu. Jihar Legas ta hana kwanukan soso na zuba abinci a farkon 2024 saboda yadda suke toshe magudanai. Mu a nan leda ce ke yin wannan aikin, kowa ya ga abin da ke fitowa daga kwalbati in ruwan farko ya sauka.

Wanda ya fi duka damuna shi ne yarinyar nan da ke tsugune gaban baho, da ƴar'uwarta da ke ratsa motoci a Kwangila da tire a ka har bayan magariba. Shekarunsu na makaranta ne, a garin da ke bugun ƙirji cewa shi ne cibiyar ilimin arewa, a ƙasar da tun 2004 doka ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Abin da 'yan talla ke gamuwa da shi a tashoshi da kangwaye kowa ya sani, ba sai na fayyace ba. Wannan ba ni da abin da zan kare shi da shi. Sai dai ko a nan, kama yarinya a ƙwace tire bai taɓa mai da ita aji ba. Uwar da ke da tabbataccen wuri inda masu saye ke zuwa da ƙafarsu ba ta bukatar tura yarinya yawo kamar wadda ke dafawa a lungu. In an ba ta wurin da ruwan, to a lokacin ana da abin da za a riƙe: sharaɗin takardar ya zama ba a ganin ƴar makaranta a rumfa lokacin aji, wadda ta saɓa a karɓe wurin a ba wata.

In kuɗin ba za su isa a yi ko'ina a shekara ɗaya ba, a fara da ƙofofin asibiti. A Shika da Tudun Wada da Ƙofar Gayan masu jinya kan yi makonni nesa da gida, su sayi kunu da tuwo da ruwan zafi a bakin ƙofa su kai wa mara lafiyar da jikinsa ba zai iya ɗaukar ko gudawar kwana ɗaya ba. Burtsatse da tanki da magudana a waɗannan ƙofofi ba za su kai kuɗin motar ciyaman ɗaya ba, kuma kansilan da ya kawo maganar a zaman majalisa zai samu masu mara masa baya tun daga likitocin da ke cikin asibitin.